Na'urar gano hayaƙi a gidanmu na Mabera: ta yi rana, amma mai shago ya cuce mu

Tun gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato a Janairun 2021 hankalina bai ƙara kwanciya da sha'anin wuta ba, balle da hunturu, lokacin da komai ya bushe ƙamas kuma gidaje da yawa ana kwana da garwashi a ɗaki. Ni na matsa wa maigida har ya sayo na'urar gano hayaƙi guda biyu, fararen nan masu zagaye da ake ɗaurawa a silin, masu cin batirin bolt 9. Kun dai san masu kayan wuta da kuɗin da suke yankawa. Aka ɗaura ɗaya a falo, ɗaya a lungun da ke tsakanin ɗakin yara da na Inna, mahaifiyar maigida.

Duk damina ba mu ji ɗuriyarsu ba. Sai da hazo ya sauko sosai, irin wanda za ki share tsakar gida da safe kafin azahar ƙura ta mayar da ke baya, sannan ta lungu ta nuna mana halinta. Tsakar dare, kowa ya yi nisa, ta fasa ihu. Wanda bai taɓa jin ƙarar nan a rufaffen gida ba, ba zai gane ba. An ƙera ta ne ƙararta ta kai desibel 85, a ma'aunin ƙarfin sauti, daga nisan mita 3 don ta tayar da mai nauyin barci, kuma wallahi ta tayar. Na suri ƙaramar yarinya na yi waje ko mayafi ban ɗauka ba. Maigida ya ruga ya kashe wutar gidan gaba ɗaya. Inna mai fama da hawan jini tana daga ɗaki tana ta salati, ƙafa ta ƙi ɗaukarta, sai ƙanen maigida ne ya shiga ya tallabo ta. Kafin a jima maƙwabta na bugun ƙofa, wasu har da bokitai, ana ta "Lahiya dai? Lahiya?" Aka bi ɗaki ɗaki da tocila, kicin, sito, bayan firiji, ƙarƙashin gadaje. Ba hayaƙi, ba ƙauri, ba komai. Ta yi shiru don kanta. Mun koma mun kwanta ke nan, gab da kiran assalatu, ta sake.

Inna ta yi kwanaki ba ta dawo daidai ba. Da gari ya waye cewa ta yi, "Ku hidda abin ga daga gidan ga, kar shi kashe ni tun wuta ba ta zo ba." Ban ga laifinta ba. Maigida ya ce a zare batirin kowa ya huta, kuma nan ne raina ya fi ɓaci, don na'ura ba batiri ado ce kawai a silin. Na roƙe shi ya bari a kira mai gyaran wutarmu tukuna.

Bawan Allah ya zo, ya taka kujera, ya murɗa ta ya sauko da ita. Ramukan gefenta duk sun cushe da jar ƙura, ga yanar gizo-gizo ta ratsa ciki. Ya ce, "Hajiya, abin ga ba hanci gare shi ba, ido gare shi." Wai a cikinta akwai ɗan ɗaki mai duhu, da ɗan haske a gefe guda, da ƙwayar da ke jin haske a wani gefen inda hasken ba ya kai mata. In hayaƙi ya shiga, sai ya tarwatsa hasken ya faɗa kan ƙwayar, ƙararrawa ta tashi. To ƙura ma haka take yi, ƙwaro ma in ya shiga haka. Ya cire batirin, ya bi ramukan da busasshen buroshi mai laushi, ya hura mata iska da irin abin da masu gyaran kwamfuta ke amfani da shi, ƙura da matattun ƙwari na zubowa a tafin hannunsa. Ya goge bayanta da busasshen tsumma, ya mayar, ya danna maɓallin gwaji ta amsa. Ya ja min kunne: ba ruwa, ba sabulu, kada a fesa maganin sauro kusa da ita, in za a yi fenti a sauke ta. A riƙa danna maɓallin nan duk wata, da hunturu kuma a yawaita kakkaɓe ta. Aikin nan ko minti goma bai ci ba. Da mai shago ya faɗi rabin wannan ranar da ya karɓi kuɗinmu, da Inna ba ta sha wahalar da ta sha ba.

Ta sake yin ihu wata asuba, wannan karon da gaskiyarta. Ƙanen maigida ya sa hita a bokiti zai yi wanka, aka ɗauke wuta, ya zare ta daga ruwa ya ɗora kan murfin roba, ya tafi masallaci bai cire ta daga soket ba. Aka kawo wuta. Robar ta fara narkewa, ga labule ko taku biyu babu. Babu wanda ya ji ƙauri a cikinmu, na'urar ce ta riga kowa. A ranar na yafe mata komai, na ce ko nawa aka saye ta ta biya kuɗinta. Abin da har yanzu yake tayar min da tsigar jiki shi ne, da ta fara ƙara sai na ji Inna daga ɗaki tana cewa ƙura ce, a ƙyale ta. Ihun ƙaryar da ta yi a baya ya kusa sa mu ƙi tashi ranar da ta faɗi gaskiya.

Sai dai yafiyar nan ba ta shafi mai shago ba. Mai gyaran wuta ya nuna min ranar ƙira a bayan na'urar. Shekara 10 ne wa'adinta, kuma daga ranar da aka ƙera ta ake lissafi, ba daga ranar saye ba. Tamu ta riga ta cinye fiye da rabin rayuwarta a kwali kafin ta shigo gidanmu, aka kuma sayar mana a kuɗin sabuwa. Da maigida ya koma ya yi magana, amsar da ya samu ita ce, "Alhaji, ai abin ga bai lalacewa." Batirin da ta zo da shi ma bai kai ko'ina ba ya fara wannan tsit, tsit ɗin na kusan kowane minti, kuma da sanyin dare ya fi yi, lokacin da ba shagon da ke buɗe. Takardar cikin kwalin ta ce a yi amfani da ita inda zafi yake tsakanin digiri 4 zuwa 38. A Sakkwato! Garin da watan Afrilu ke haura 40, balle ƙarƙashin rufin kwano. Ta falo kuwa, duk ranar da na gifta da kaskon turaren wuta sai ta yi magana, dole muka matsar da ita nesa da inda nake ajiye kasko, muka kuma tabbatar ta yi aƙalla mita 3 da wurin girki.

Wadda ta fi ƙona min rai, mai shagon nan ya ce wa maigida har iskar janareta tana ganowa. Ƙarya ce, kuma ƙarya mai iya halaka gida guda. Gubar da ke fita daga janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki ba ta da launi, ba ta da wari, idon na'urar nan ba ya ganinta. Tata na'urar daban ce. Janaretanmu yana can waje nesa da taga, na'urar gubar kuma ita nake nema yanzu, amma ba a shagonsa ba, kuma sai na juya bayanta na karanta ranar ƙira da idona kafin a miƙa ko sisi.