Ra'in Suka a Digirin Farko: Handawut ko Asalin Rubutu?

Ɗalibin da ya ɗauki kwas ɗin ra'in suka, wato nazarin da ke bin diddigin tsarin al'umma da yadda ake danne mutane a cikinsa, wanda ya tsiro a cibiyar binciken zamantakewa da aka kafa a Farankfot ta Jamus a 1923, hanya biyu ce a gabansa.

Handawut ɗin malami ba wuya. Shafi kaɗan, ga jigogin ra'in, Horkheimer, Adorno da Marcuse, a jere, ka haddace ka ci jarrabawa. Sai dai abin da mutanen nan suka yaƙa ke nan: karɓar magana yadda aka miƙo ta, ba tambaya.

Asalin rubutun kuwa sai mai juriya. Jimlar Adorno guda za ta sa ka koma baya, ka ja layi da biro, kai ya ɗau zafi. Amma a nan za ka gane dalilin da ya sa suka tsargu da rediyo da silima. Sun ga 'yan Nazi na farfaganda da kafofin nan biyu, suka tsere Amurka, suka tarar Holiwud na buga nishaɗi kamar kayan masana'anta. Handawut ba kasafai yake kawo wannan tarihin ba.

A aji biyu na jami'a, handawut ya isa share fage. Mai rubuta kundin kammala digiri a kan ra'in kuwa, dole ya zauna da asalin.