Girki da mai da girki ba mai: wanne ya fi wa jiki?

'Yar uwa, kin tambaya ko ki daina sa mai a girki kwata-kwata, tunda likita ya ce ki rage ƙiba ki kuma lura da zuciyarki. Bari in ajiye miki su biyun kusa da juna ki duba.

Wajen rage ƙiba, girkin da ba mai shi ne a gaba, kuma da tazara. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko furotin 4 ne kacal. Babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120 ko kusa da haka, mai tsada da mai araha duk ɗaya suke a nan. Matsalar kuwa, yawancinmu tsiyayawa muke yi daga kwalba, ba ma aunawa, kafin a ankara cokali uku ko huɗu sun shige tukunya. Dubi dankali. Giram 100 na dafaffe bai kai kalori 100 ba, amma wanda aka yanka siri-siri aka tsoma cikin mai ya zarce 300.

Akwai kuma man da ake soyawa a ajiye a sake soyawa, wanda ni ya fi damuna fiye da maganar kalori. Kin san shi: ya yi duhu, ya yi kauri, yana kumfa a gefen kasko, yana hayaƙi tun bai gama zafi ba. Wannan man ya riga ya lalace, yawan zafi ya haifar da sinadarai masu cutarwa a cikinsa. Mai turarawa ko dafawa da ruwa ta huta da wannan gaba ɗaya. Turarawa ma ta fi dafawa alheri ga ganye, don bitamin C yana narkewa ya bi ruwan da ake zubarwa.

To amma ɗaya ɓangaren ma yana da hujja mai ƙarfi. Bitamin A, D, E da K sai da maiƙo hanji yake tsotse su yadda ya kamata. Ki ci karas, tumatir da ganye ba ko ɗigon maiƙo a kwanon, wani kaso na amfaninsu zai wuce ne kawai. Sannan akwai nau'o'in maiƙo da ake kira omega-3 da omega-6, waɗanda jiki ba ya iya haɗa su da kansa, dole daga abinci za su zo. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a bar mai ba. Abin da ta ce shi ne kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na kalorin yini, irin mai daskarewa kuma, kamar man shanu da kitsen nama, kada ya wuce kashi 10.

Kan batun zuciya, irin man ya fi yawansa muhimmanci. A Sifaniya an yi wani babban bincike mai suna PREDIMED a kan mutane sama da 7,000 masu haɗarin ciwon zuciya, wanda aka sake fitar da sakamakonsa a 2018 bayan gyara. Waɗanda aka ƙara wa man zaitun ko 'ya'yan itace masu ɓawo mai tauri irin su almon sun fi tsira daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki a kan waɗanda aka ce su rage maiƙo. Mai rage ƙiba da gaggawa ba tare da maiƙo ba kuma tana iya jawo wa kanta tsakuwa a matsarmama, domin maiƙo ne ke sa ta matse ta zubar da abin da ke cikinta.

Kada kuma kalmar "ba mai" ta ruɗe ki. Na'urar suya da iska mai zafi tana rage mai sosai, gaskiya ne, amma sinadarin akirilamid, wanda masu bincike a Suwidin suka gano a abinci a 2002 kuma ake zargin yana iya jawo ciwon daji, yana fitowa ne idan abu mai sitaci ya sha zafi sama da digiri 120, da mai ko ba mai. Don haka ki sauke dankali ko burodi yana ruwan zinariya, kada ki bari ya yi baƙi.

Ni a ganina, suyar tsomawa ce za ki bari, ba mai ɗungurungum ba. Gwada wannan: ɗora kasko a wuta matsakaiciya, zuba albasa da ɗan gishiri, da ta fara kamawa ki yayyafa ruwa cokali biyu ki kankare ƙasan da ludayi, ki maimaita har ta yi laushi ta yi ja. In girkin ya nuna, kin sauke, sai ki auna ƙaramin cokali ɗaya na mai mai kyau ga kowane mutum ki zuba a kai. Ranar da akwai kifi, ƙwai ko abokado a kwanon, ko wannan ma ba kya buƙata.

Yara 'yan ƙasa da shekara 2 kuwa kada a rage musu maiƙo, ƙwaƙwalwarsu tana buƙatarsa don girma. Idan kuma likitanki ya hana ki mai ne saboda ciwon matsarmama ko wani ciwo na musamman, to maganarsa za ki bi.