Rediyon Littafi Mai Tsarki da na saya wa Baba a Agege

Idon Baba ya yi rauni, karatu ya gagara, shi ne na saya masa ƙaramar rediyo mai ɗauke da Littafi Mai Tsarki cikin muryar Hausa. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, tana caji da rana, ko an ɗauke wuta ba ruwanmu.

Muryar mai karatun ce ta kama ni. Ba ya gaggawa. Daren farko muka saurari 2 Sama'ila sura 12, inda annabi Natan ya kawo wa Sarki Dawuda labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci guda ɗaya tal. Dawuda ya fusata ya yanke hukunci, ashe kansa ya yanke wa, saboda abin da ya yi wa Uriya, sojansa da ya ƙwace wa mata ya kuma sa aka kashe shi. Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, maido min wurin nan." Sau uku muka maimaita. Washegari ya nemi 1 Sarakuna sura 21, labarin Sarki Ahab da ya ƙwace gonar inabin wani mutum mai suna Nabot, ya yi shiru har annabi Iliya ya gama magana.

Aibinta maɓallan ne: ƙanana ainun, kuma neman sura da wuya ga tsoho. Na liƙa masa ɗan tef a kan na kunnawa, yanzu da lalube yake gane shi.