Nissan Leaf ta 2018 a zafin Kano: sharhi bayan an sha hanya da ita

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 mutane ke tambaya ko motar lantarki za ta yi a Arewa. Wannan Leaf mai batir kilowat-awa 40 tana yi, amma ga mai zirga-zirgar cikin gari wanda ke da tabbacin wuta a gida.

A takarda tana cin kusan kilomita 240 da caji ɗaya. Da esi a kunne, kuma batir ya ɗan kwana biyu, a sa ran 170 zuwa 200. Zariya za ta kai ka daga Kano. Kaduna kuwa, mai nisan kusan kilomita 230, ban ba kowa shawarar gwadawa ba.

Caji ne gundarin maganar. Soket na gida yana ba da kilowat 2.3, sai ta yi kusan awa 18 kafin ta cika daga ƙasa, kuma soket mai araha yana zafi har ya narke. Abin da ya dace shi ne akwatin caji na bango mai amfiya 32, da waya mai kaurin 6mm² da aka jawo kai tsaye daga allon rarraba wuta, da burekarsa daban. Da shi awa 7 zuwa 8 sun isa. A tabbatar an kafa sandar ƙarfen nan ta cikin ƙasa da ke kare mutane daga jan wuta (earthing) yadda ya kamata, domin in babu ita caja ba za ta saki wuta ba, mutum ya yi ta zargin mota. Wadda aka shigo da ita daga Amurka kuma, a karanta jikin cajarta: wasu na bolt 120 ne kawai, wutarmu ta 230 ƙona su take yi. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta.

Kilomita 100 na cin yunit 17 zuwa 18 a mita. Ko a kuɗin wutar Band A, rukuni mafi tsada, na naira 225 kowane yunit da aka sa a Afrilun 2024, wajen naira 4,000 ke nan, inda ƙaramar motar fetur za ta sha lita 8. Ba baƙin mai, ba filogin inji, ba salansa, birki ma yana daɗewa domin injin ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Matatar iskar esi dai tana saurin toshewa lokacin hunturu.

Inda na fi damuwa shi ne zafi. Batirin Leaf ba shi da ruwan sanyaya, kuma a bazara Kano na haura digiri 40. Zafi na tsufar da shi da wuri, musamman in an cika shi maƙil an bar motar a rana. A ajiye ta a inuwa, a yi caji da dare, a tsaya a kashi 80 in ba tafiya mai nisa za a yi ba.

Kafin a biya kuɗin ta hannu, a duba sandunan lafiyar batir a allon gaba. Goma sha biyu ne, kuma ta farko kan ɓace ne in ƙarfinsa ya sauko kusan kashi 85. Manhajar waya ta LeafSpy da 'yar na'urar OBD2 da ake jonawa a jikin motar suna nuna adadin daidai. Mai sanduna 9 ba ta cancanci kuɗin mai 12 ba, komai ƙyallin jikinta, tunda sabon batir ba a samunsa a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa.