Sayen gwal da duwatsu masu daraja a Kasuwar Johari ta Jaipur

Matafiyin da ya shiga Indiya da niyyar sayen kayan ado na gwal, da wuya a bar shi ya fita ba a ambata masa Jaipur ba, babban birnin jihar Rajastan wanda Sarki Sawai Jai Singh na Biyu ya kafa a 1727. A cikin tsohon birnin, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2019, akwai Kasuwar Johari da lungunanta irin su Gopalji ka Rasta, inda ake yanka duwatsu, ake goge su, ake kuma cinikinsu. Shagon da nake wannan sharhi a kansa yana cikin ɗaya daga waɗannan lunguna, na iyali ne, kuma ina ganin ya cancanci yabo, ko da yake ina da ƙorafi a kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin da suke kira kundan. Maƙerin yakan ƙera gidan dutse da gwal, ya cika shi da wani irin ƙaro da ake kira lak, ya ɗora dutsen, sannan ya riƙa danna siraran ganyen tataccen gwal a gefensa har ya kama. Idan aka juya sarƙar kuma, sai a tarar bayanta ya sha ado da minakari, wato launukan gilashi da ake zubawa cikin zanen da aka sassaƙa a jikin gwal a gasa a wuta, ja da kore da fari, da siffar furanni da tsuntsaye. Wannan gefen jikin mai sarƙar kawai yake taɓawa, ba mai ganinsa a taro, amma an ƙawata shi kamar fuskar. Mai shagon bai gaji da juya mini kaya ba, ya ba ni gilashin ƙara girma, ya nuna mini inda hannun gwani ya bi da inda aikin ɗan koyo ne.

A nan ne kuma mai saye ya kamata ya natsu. Wanda ya saba sayen gwal da nauyi zai iya ruɗewa, domin nauyin sarƙar kundan ya haɗa da ƙaro da duwatsu da gilashin ado, gwal ɗin da ke ciki kaso ne kawai. Tun daga Yunin 2021 Indiya ta fara tilasta buga hatimin BIS, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasar, a kan kayan gwal, daga Afrilun 2023 kuma sai da lambar shaida ta kowane kaya, wato HUID, mai haruffa da alƙaluma shida, wadda kowa zai iya dubawa a manhajar BIS Care. Awarwaron da na saya yana ɗauke da 22K916, wato kashi 91.6 cikin ɗari gwal ne, na shigar da lambar kuma ta fito daidai. Sai dai dokar ba ta shafi kundan ba, haka ma polki, wato kayan daiman da ba a yi masa yankan zamani ba, don haka a kansu babu abin dogaro sai abin da mai shago ya yarda ya rubuta. Na nemi a raba mini nauyin gwal da na duwatsu da kuɗin ƙira a kan rasit, tare da harajin sayen kaya (GST) na kashi 3 cikin ɗari, aka yi haka ba tare da gardama ba. Wannan ya fi shayin da aka ba ni da daɗin bakin da aka yi mini muhimmanci a wurina.

Ɓangaren duwatsu bai gamsar da ni kamar na gwal ba. Jaipur ta yi suna a duniya wajen yankan zumurrudu, amma galibin ɗanyen dutsen daga Zambiya da Brazil da Kolombiya ake shigo da shi, saboda haka sayensa a Indiya ba ya nufin daga ƙasar Indiya aka haƙo shi. Yawancin zumurrudun da ke kasuwa an shafa masa mai don ɓoye tsagar da ke cikinsa, jan yakutu kuma ana gasa shi don launinsa ya fito, kuma masu sana'ar sun amince da duka biyun muddin an faɗa wa mai saye. Abin da ba a amince da shi ba shi ne a cika tsagaggen yakutu da gilashi mai darma a sayar da shi a kuɗin mai kyau. Yaron shagon da ya fara nuna mini duwatsu bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sai da na tambaya, kuma takardar shaidar da ya fara miƙo mini ta wani ɗakin gwaji ce da ba ta ce komai game da gyaran da aka yi wa dutsen ba. Da na dage, mai shagon ya yarda a kai zumurrudun ɗakin gwajin da GJEPC, majalisar bunƙasa fitar da duwatsu masu daraja da kayan ado ta Indiya, ta kafa a Jaipur kafin in biya, sakamakon kuma ya nuna dutsen na asali ne, an sa masa mai. Yardarsa ta nuna ba ya tsoron kayansa, amma baƙon da bai san tambayar da zai yi ba zai tafi ne bai ji komai ba, kuma wannan aibi ne.

Haka kuma a lura da ma'auni. Wasu 'yan kasuwa suna faɗin nauyin dutse da ratti, ma'aunin gargajiya, alhali karat ɗaya daidai yake da giram 0.2 a ko'ina, don haka gara a nemi a rubuta da karat. Kuɗin gwal yana bin farashin ranar, ba a tayawa, amma kuɗin ƙira da na dutse ana yin ciniki, kuma an rage mini ba tare da an ɓata fuska ba.

Wanda zai je ya tafi da ƙafarsa, kada ya bari direba ko ɗan jagora ya zaɓa masa shago, domin la'adarsu a cikin kuɗin kayan take fitowa. Ya guji duk wanda ya ce masa ya ɗauki duwatsu ya kai wata ƙasa a saya da riba, tsohuwar damfara ce da aka daɗe ana yi wa baƙi a birnin. Dokar Indiya ta hana ɗan kasuwa karɓar tsabar kuɗi rupi dubu 200 ko fiye a ciniki ɗaya, sai a tanadi kati. Idan kuma aka nuna masa tsohuwar sarƙa aka ce ta gidan sarauta ce, ya sani dokar 1972 ta hana fitar da kayan tarihi da suka haura shekara 100 daga ƙasar.

Zan sake sayen gwal da kundan a wannan shago da kwanciyar hankali. Dutse mai tsada kuwa, ba zan biya ba sai takardar gwaji ta zo hannuna, kuma wannan yana buƙatar mutum ya shiga kasuwar tun farkon zamansa a Jaipur, kada ya bari sai ranar tafiya.