Almakashin Wiss a kan farantin alminiyom, bayan wata huɗu ina aiki da shi

Tun bayan babbar sallah nake haɗa wutsiyar ƙaramin jirgin sama, Zenith CH 701, a garejina da ke Gwallameji a Bauchi. Zanen kawai na saya, kowane ɓangare da hannuna nake yanka shi daga farantin alminiyom nau'in 6061-T6. Fatar jirgin siririya ce ƙwarai, kaurinta inci 0.016, bai kai rabin milimita ba.

Da farko almakashin masu kwanon rufi na ɗauko a kasuwa. Farantina biyu ya ci, bakin yankan duk ya lanƙwashe kamar ganyen kabeji. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Ƙanina ne ya kawo mini na kamfanin Wiss daga Legas, guda uku: mai jan mariƙi na lanƙwasar hagu, mai kore na dama, mai ruwan ɗorawa na yanka miƙe. Mai ruwan ɗorawan yana nan a rataye, jan da koren ne ke shan aiki.

Abin da ya kwanta mini shi ne yadda yake ture guntun da ake cirewa gefe guda, yana naɗe shi kamar ɓawon lemo, ainihin farantin kuma yana shimfiɗe lafiya lau. Hannu ba ya gajiya. Amma haƙoransa na barin ƙananan tabo a bakin yanka, don haka nake barin milimita ɗaya ko biyu a wajen layi, in ƙarasa da magagari har sai ɗan yatsana ya bi bakin bai ji kaushi ba. Kada ka datse bakin almakashin har ƙarshe, tsininsa yana tsaga farantin, kuma daga irin wannan tsagar girgizar jirgi take faɗaɗa ɓarna.

Wata rana Baba mai walda, maƙwabcina, ya tarar ina ja layi da siririn alƙalamin maka na Sharpie.

"Yaro, ina fensirinka? Ko ƙusa ba ta fi fitar da layi ba?"

Na ce, "Baba, a ƙarfen ƙofa haka ne. Alminiyom kuwa baƙin fensir na jawo masa zaizaya, ƙusa kuma karce take bari."

Ya jinjina kai, ya karɓi koren ya gwada a guntun da na yar, bai kuma miƙo mini ba sai da ya zagaye shi tsaf.

Tsada kam akwai, amma bai kai kuɗin faranti biyun da na rasa ba. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara sayen ja da kore.