Murjani mai laushi ko mai ƙashi: wanne za ka fara sakawa a tankinka?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce tankinka na kiwon halittun teku mai cin lita 120 ya yi wata biyu da ruwan gishiri, gwajin amoniya da naitarait, gubobin da ƙazanta ke haifarwa a ruwa, duk ya nuna sifiri, mai sayarwa kuma ya ajiye maka iri biyu: murjani mai laushi da wani mai kan guduma. Shawarata ita ce ka ɗauki mai laushin, ka ƙyale mai gudumar sai tankin ya kai wata shida ko fiye.

Murjanin da muka taso muka sani shi ne jan dutsen wuyan da iyayenmu mata ke ado da shi, wanda asalinsa ƙashin wata halitta ce ta tekun Bahar Rum. Na tanki kuwa da ransa za ka karɓe shi, kuma a cikin namansa akwai wasu ƙananan gansakuka da ke sarrafa haske su ciyar da shi. Duk biyun da aka nuna maka da haka suke rayuwa. A wajen ƙashi suka rabu.

Mai kan guduma, wanda a kasuwa ake kira Euphyllia, yana gina ƙashi mai tauri, don haka kullum yana zuƙar sinadarai daga ruwan, kai kuma kana mayarwa. A kayan gwajin ruwa, kalsiyam ya zauna tsakanin 400 da 450 ppm (kashi cikin miliyan), alkaliniti, wato ƙarfin ruwan na hana kansa yin tsami, wajen 8 zuwa 9 a ma'auninsa na dKH, magneziyam kusan 1300 ppm. Kaiwa ga waɗannan lambobi abu ne mai sauƙi. Tsayar da su wuri ɗaya mako bayan mako shi ne aikin, kuma sabon tanki ba ya zama lafiya, yau sama gobe ƙasa. Ƙari a kan haka, idan famfo ya buga masa ruwa da ƙarfi, namansa na gogar kaifin ƙashinsa ya yage, daga nan wata cuta mai kama da majina ruwan ƙasa ta shiga, cikin kwana ɗaya ko biyu ta cinye kan gaba ɗaya. Da dare yana miƙo dogayen hannuwa ya harbi maƙwabcinsa, sai ka ba shi tazarar taƙi guda. Sannan duk murjani mai ƙashi irin wannan yana cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ake gudun ƙarewarsu, ba a tsallaka iyaka da shi sai da takardar izini. Kyau kam yana da shi, shi ya sa nake jin zafin ganin ya mutu a hannun wanda bai shirya ba.

Mai laushi ba ya gina irin wannan ƙashi, canjin kashi goma cikin ɗari na ruwan duk mako ya wadatar da shi. Discosoma, mai siffar faifai, shi na fi yarda da shi ga sabon shiga. Haske kaɗan yake so, da ruwa mai tafiya a hankali, kuma ɗan datti a ruwa ba ya damunsa. Ka sa shi a ƙasan tanki. Yana matsawa a kan dutse yana barin guntun ƙafarsa, guntun ya zama sabo.

Na biyunsa Sarcophyton, mai jiki kamar fata da kai kamar laima. Yana da wata ɗabi'a da ya kamata ka sani tun yanzu: lokaci zuwa lokaci sai ya rufe, ya yi sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma, ya kwana biyar ko mako a haka. Mutane da yawa sun jefar da nasu suna zaton ya mutu, alhali saɓa yake yi. Ka ƙara masa kaɗawar ruwa, zai tuɓe fatar ya buɗe. Yana sakin wasu sinadarai masu takura wa sauran murjani, gawayin tace ruwa na rage su.

Amma ba kowane mai laushi zan ce ka kwasa ba. Xenia da koren nan mai kama da ciyawa suna yaɗuwa kamar kainuwa a kududdufi, in za ka sa su, ware musu dutsensu can gefe. Zoanthus da Palythoa kuma, duk da launinsu mai ɗaukar ido, wasunsu na ɗauke da dafin palitoksin, mai iya kwantar da mutum a asibiti. Safar hannu da tabarau dole ne, kada ka taɓa tafasa ko kankare dutsen da suke kai, in kuma akwai yara masu tsoma hannu a ruwa a gidan, ka haƙura da su.

Abin da ya fi sa ni karkata ga mai laushi shi ne zafi da wutarmu. Murjani na son ruwa tsakanin digiri 24 da 26, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura 40 a Kano ko Maraɗi. Ruwa ya daɗe a 30, murjani sai ya fitar da gansakukan nan ya yi fari fat. Faifan Discosoma kan tsuke ya jure, ya farfaɗo daga baya, mai guduma sau da yawa ba ya dawowa. Kafin ka sayi ko ɗaya, haɗa famfon kaɗa ruwa da inbata, domin iskar shaƙa na ƙarewa a ruwan da ya tsaya cak na 'yan sa'o'i. Fanka a saman ruwa na sauke zafi, sai dai ruwan zai riƙa ƙafewa gishirin ya ƙaru. Ka riƙa cikawa da tataccen ruwan RO marar gishiri, wato wanda na'urar tacewa ta cire wa sinadarai, banda na rijiya ko burtsatse, ma'aunin gishirin ruwan ya tsaya a 1.025.

Sayi ƙananan yanki biyu, Discosoma ɗaya da Sarcophyton ɗaya, ka tsoma su a maganin kashe ƙwarin murjani kafin su shiga tanki, ka zuba musu ido mako biyu. In sun buɗe sosai, turo mana hotonsu da sakamakon gwajin ruwanka mu duba na ukun tare.